Mitar Ruwa a Ingila: Wa Take Sauƙaƙa Wa, Wa Take Ƙara Wa Nauyi?

A watan Afrilun 2025 kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabo a Ingila da Wales. Matsakaicin abin da gida ke biya a shekara ya ƙaru da fam 123, ya kai fam 603. Nan take tsohuwar gardamar mita ta dawo ɗanya: wasu na cewa duk wanda ya sa ta ya huta, wasu na rantsuwa tarko ce da kamfanoni suka ɗana wa talaka.

Kafin a raba gardamar, sai an san yadda ake cajin gidan da ba shi da mita. Ba a duba ruwan da aka sha, ba a ƙirga mutanen gidan. Abin da ake dubawa wata tsohuwar ƙima ce ta kuɗin hayar da gidan zai iya kawowa a shekara, wadda aka yi a 1973, aka kuma daina taɓa ta tun 1990. Babban gida a unguwar masu hali zai biya kuɗi mai yawa ko da tsohuwa ɗaya ce ta rage a ciki. Wanda ya sha fama da bil ɗin ƙiyasi na wutar lantarki a Kano ko Kaduna ya san zafin irin wannan lissafi.

To, zancen cewa mita na rage wa kowa kuɗi ba gaskiya ba ne. Mita ba ta sauke farashin ruwa ko da kwabo. Abin da take yi shi ne ta ɗauke lissafi daga kan gini ta mayar da shi kan famfo, a caji kowace lita dubu da ta shiga, a ɗora kuɗin magudana da wani tsayayyen kuɗi da ba ya canzawa. Shi ya sa masu ba da shawara a can suke da ma'auni mai sauƙi: idan ɗakunan kwana sun kai yawan mutanen gida ko sun fi, akwai alamar riba. Mutum ɗaya a Ingila na kashe kusan lita 140 a rana. Mata da miji da 'ya'yansu suka watse suka bar musu ɗaki huɗu za su ga sauƙi. Magidanci mai 'ya'ya biyar a ɗaki biyu kuwa, ga wanki ga wanka ba dare ba rana, zai iya kwana a ciki.

Cewa sai an biya kuɗin sa mita, wannan ma ƙarya ce a Ingila da Wales. Tun shekarar 2000 doka ta ba mai gida damar neman a sa masa kyauta, har ɗan hayar da yarjejeniyarsa ta kai wata shida. A Sikotland ne ba haka ba, don can ana haɗa kuɗin ruwa da harajin ƙaramar hukuma, mai son mita shi zai biya.

Batun "in ka shiga ba fita" kuwa, rabinsa gaskiya. Wanda ya nema da kansa yana da shekara ɗaya, a kamfanoni da dama ma biyu, ya ce a mayar da shi tsohon tsari. Amma mitar tana nan daram, kuma wanda ya tare a gidan bayansa da ita zai biya. A yankunan da gwamnati ta ayyana suna da ƙarancin ruwa ba a ma neman yardar kowa. Kamfanin Southern Water ya bi gidajen kudu maso gabas yana kafa mita daga 2010 zuwa 2015, kuma masu bincike na Jami'ar Southampton sun gano amfani da ruwa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ashe da zarar mutum ya san ana ƙirgawa, hannunsa kan yi saurin rufe famfo.

Inda masu tsoro suka fi gaskiya shi ne wajen yoyo. Mita ba ta bambanta ruwan shayi da wanda ya tsiyaye a ƙasa, kuma bututun da ya taso daga bakin iyakar gida zuwa ciki alhakin mai gida ne. Tankin masai mai yoyo, wanda ko ƙararsa ba a ji, yana iya zubar da lita 200 zuwa 400 a rana. Gwajin ba wuya: a rufe duk famfuna, a leƙa mita, in lambobin na motsi akwai ɓaraka. Kamfanoni kan yafe kuɗin ruwan da ya ɓata a karon farko idan an gyara da wuri.

Masu babban iyali ma ba a bar su haka ba. Tsarin WaterSure yana ƙayyade kuɗin gida mai mita da ke karɓar tallafin gwamnati, muddin akwai yara uku 'yan ƙasa da shekara 19 ko mara lafiyar da jinyarsa ke cin ruwa. Gidan da mita ba ta sanyuwa a cikinsa, kamar wasu benaye masu bututu ɗaya, yana da damar neman cajin ƙiyasi na musamman.

Hukumar CCW mai kare masu amfani da ruwa tana da manhajar lissafi kyauta a intanet. Duk mai shirin neman mita ya ɗauko bil ɗin bara, ya ƙirga mutanen gidansa, ya gwada a can kafin ya kira kamfani.