KUMBURIN WUYA DA MUƘAMUƘI: A SAN SUNAN CUTA KAFIN A SHA MAGANI

'Yan uwa masu bibiyar wannan zaure, yau ban zo da haɗin magani ba. Gargaɗi na kawo, kuma da kuskurena zan fara.

Shekarun baya, ana tsakiyar damina, wani manomi daga ƙauyukanmu na Tsanyawa ya kawo mini ɗansa mai shekara bakwai, kumatunsa ya kumbura ɓangare guda. Uwar ta ce hangum ne, kakar ta ce haƙori ne. Ni ma na duba na ce hangum. Na ba su man habbatus sauda a riƙa shafawa, da zuma, na yi masa tofi. Bayan kwana goma suka dawo. Wallahi da ƙyar na gane yaron. Kumburin ya ninka, haƙoran wajen suna girgiɗa, ido ya fara turowa. Shi hangum da zazzaɓi da ciwo yake zuwa, kuma cikin mako guda ko kwana goma ya sace. Wannan kuwa ba ya yi masa ciwo sosai, girma kawai yake. Nan jikina ya yi sanyi. Na ce wa uban, "Malam, wannan ya fi ƙarfina. Gobe da asuba mu kama hanyar Kano."

A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na fara sanin akwai wani likita da ba ya ganin fuskar majinyaci, tsokarsa kaɗai yake gani. Shi ne likitan binciken tsoka. Wani lokaci da siririyar allura ake zuƙo abin da ke cikin ƙarin a shafa a gilashi. Wani lokaci sai an gutsuro 'yar tsoka, a jefa ta cikin ruwan magani da ake kira fomalin don kada ta ruɓe. Daga nan a daskarar da ita cikin kaki irin na kyandir, a yanka ta da na'ura falle-falle, kowane falle ya fi bawon albasa siranta nesa ba kusa ba. A rina shi da launi biyu, shuɗi da ja-ja, a sa ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu. To a nan cuta take faɗar sunanta.

Ta wannan yaron, sunanta dajin Bakit. Wani likitan fiɗa ne, Denis Bakit, ya bayyana ta a 1958 bayan ya yi ta ganin yara masu kumburin muƙamuƙi a Kamfala ta ƙasar Yuganda. A 1964 aka gano wata ƙwayar cuta da ke da hannu a ciki, kuma masana sun ga ta fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ke yawan kama yara, wato irin wurarenmu. Ga wani dalilin kwana cikin gidan sauro. A madubi, likitoci suna kwatanta ta da sararin samaniya da dare, duhu da ɗigo-ɗigon taurari. Tana cikin mafi saurin girma a cututtukan daji, tana iya ninkawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma cikin ikon Allah tana jin magani ƙwarai idan an zo da wuri. Aka fara ɗaura wa yaron ruwan maganin daji, na ga kumburin yana narkewa kamar an sa man shanu a rana. Yanzu saurayi ne, shi ke yi wa ubansa huɗa.

Abin da nake so ku riƙe, kumburi kamarsa ɗaya a ido, amma ba cuta ɗaya ba ce. Akwai kaluluwar tarin fuka da ke fitowa a wuya, maganinta ƙwayoyi ne na wata shida, kuma kyauta ake bayarwa. Akwai maƙoƙo. Akwai ƙarin ƙashin muƙamuƙi da ke girma a hankali shekara da shekaru a jikin matasa, ba daji ba ne amma sai fiɗa. Akwai ƙarin da ke fitowa gaban kunne daga inda yawu ke tsattsafowa. Sannan akwai mai ɓuya, dajin da ke zama can bayan hanci inda ba a gani. Alamarsa ƙulu a wuya marar ciwo, kunne ɗaya ya toshe, ga haɓo jefi-jefi. Shi gashi da na'ura yake so, irin wanda ake zuwa Shika ta Zariya dominsa. Ni da na shekara arba'in ina taɓa marasa lafiya, hannuna ba ya iya raba waɗannan. Duk wanda ya ce maka nasa yana iyawa, ka kiyaye aljihunka.

Magabatanmu ma ba su ɓoye iyakarsu ba. Abul Ƙasim Azzahrawi, babban likitan fiɗa na Andalus da ya rasu wajen 1013, ya faɗa cikin littafinsa Attasrif cewa daji in ya tsufa ya yi girma bai taɓa warkar da shi ba, bai kuma ga wanda ya warkar ba, sai wanda aka cire tun yana ƙarami.

Abu biyu ke hana mutanenmu. Na farko, maganar nan ta cewa daji ba ya son allura, wai in ƙarfe ya taɓa shi sai ya bazu. Abin mamaki, mai faɗin haka shi ne zai kai wuyan ga wanzami a yi sakiya ko ƙaho. Ita ce ke buɗe gyambon da ba ya rufuwa. Dalilin da ya sa ake ganin kamar allura ce ta tayar da cutar, sai ta ci jiki tukuna ake zuwa asibiti. Kada a tsaga ƙarin da ba a san sunansa ba, kada a ɗora masa wuta ko kanwa.

Na biyu ya fi damuna, domin da sunan addini ake yinsa. A yi wa mutum aiki a cire ƙari, a ba dangi tsokar a kwalba a ce su kai ɗakin bincike, sai su kawo ta gida su binne. Girmama jikin ɗan Adam abu ne mai kyau, ban musa ba. Amma neman magani Manzon Allah (SAW) ne ya yi umarni da shi, kuma kiyaye rai yana gaba da binne gutsuren tsoka. In kun binne ta, kun binne amsar da likita yake jira, sai dai a sake yanka bawan Allah.

Saboda haka maigida, duk ƙulu a wuya ko muƙamuƙi da ya wuce mako uku, ko gyambon baki da ya ƙi warkewa, ko murya ta dushe tsawon wannan lokaci, musamman ga mai shan taba, ka fara da asibiti mafi kusa, ko nan gida ko Bichi, ka nemi takardar tura ka gaba. Yaro kuwa in kumburin yana ƙaruwa kullum, kada a jira ko mako guda. In an ɗauki tsoka, ka tabbata tana cikin ruwan fomalin, ba busasshiya a leda ba, da sunan mai ita a jikin kwalbar. Ka adana lambar da aka ba ka. Sakamako yakan ɗauki mako ɗaya ko biyu, na ƙashi ya fi jimawa, wani kuma sai an ƙara rini na musamman. Ka koma ka karɓa, ka kai wa likitan da ya turo ka hannu da hannu. Zuma da addu'a a ci gaba da su, amma duk wani jiƙo ko gari a nuna wa likita kafin a haɗa shi da maganin asibiti.