Gobir a Littattafan Turawan Ƙarni na 16

A shekarar 1516 wani lauya ɗan Ingila, Thomas More, ya fitar da littafi cikin harshen Latin mai suna Utopia. Labarin wani tsibiri ne mai birane 54, inda ba wanda ya mallaki gona shi kaɗai, aikin yini sa'a shida ne, zinariya kuwa da ita ake ƙera sarƙar ɗaure bayi. Babu wannan tsibiri a doron ƙasa. More ya ƙago shi ne don ya soki halin da Ingila ke ciki, amma ya sa labarin a bakin wani matuƙin jirgin ruwa da ya ce ya bi Amerigo Vespucci zuwa Amurka. A lokacin Turawa na ƙishirwar labarin ƙasashe masu nisa, suna karanta na gaske da na ƙage a zama ɗaya.

Ana cikin wannan yayi sunan Gobir ya shiga Turai. Wanda ya kai shi shi ne Hasan al-Wazzan, haifaffen Andalus da ya tashi a Fas. 'Yan fashin teku suka kama shi a 1518, suka miƙa shi ga Paparoma Leo na Goma, daga nan Turawa suka san shi da Leo Africanus. Ya gama littafinsa kan Afirka a 1526, aka buga shi a Italiya a 1550, aka juya shi zuwa Ingilishi a 1600.

Abin da ya faɗa kan Gobir ba zai baƙunci kunnen mutumin Isa ko Sabon Birni ba. Ya ambaci ƙauyukan makiyaya masu shanu da tumaki, da masaƙa, da dukawa masu ɗinka takalman da fatake ke kaiwa Tumbuktu da Gao. Ya ce shinkafa na da yawa, ana watsa irinta idan ruwa ya malale ƙasa, sana'ar da manoman fadamar Rima suka sani sarai. Ya kuma ce akwai gari mai gidaje kusan 6,000, kuma Askiya na Songhai ya kashe sarkin ƙasar.

Sai dai karatun irin wannan littafi yana son natsuwa. Gobir ta zamaninsa tana can arewa, cikin Nijar ta yau. Alƙalawa, wadda kufanta ke yankin Sabon Birni, sai a ƙarni na 18 Sarki Babari ya mai da ita babban birni, ta kuma faɗi hannun masu jihadi a 1808. Masana tarihi, irin su Humphrey Fisher, sun yi shakkar ko Hasan ya taka ƙasar Hausa da ƙafarsa, ko kuwa daga bakin fatake ya tattara labari. Hasan ya kuma rubuta cewa kogin Kwara yamma yake kwarara, kuskuren da ya rikita masu zanen taswira har Mungo Park ya ga kogin ya nufi gabas a 1796.

Duk da haka, kusan shekara 300 Turai na dogaro da littafin Hasan. Sai a 1824 Hugh Clapperton ya isa Sakkwato, ya zauna da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya koma gida da taswira da wani yanki na Infaƙul Maisuri, bayanin ƙasa daga alƙalamin mai ƙasar. Heinrich Barth kuwa a 1853 ya biyo ta Zurmi, ya sauka Sansanin Isa, sannan ya ratsa dajin Gundumi, inda tsoron harin Gobirawa ya sa ayarinsa tafiya dare da rana ba hutu.