Labarin Ƙasar Perlis da Gidan Sarautarta

In mun shimfiɗa taswirar Maleshiya, muka kai ido can arewa maso yamma, inda ta yi iyaka da Tailan, za mu ga wata 'yar ƙasa wadda kan yatsa ma ya isa ya rufe ta. Sunanta Perlis. Ita ce ƙarama duk cikin jihohin Maleshiya, girmanta bai kai mil murabba'i 320 ba, mutanenta kuwa, bisa ƙidayar shekarar 2020, wajen 285,000 ne. Abin tambaya shi ne, ƙaƙa ƙasa ƙanƙanuwa haka ta zauna tsakanin manya shekara da shekaru ba a haɗiye ta ba?

Bari mu fara da kamannin ƙasar. Yawancinta fili ne shimfiɗaɗɗe mai dausayi, shinkafa ce babban abin nomansu. Daga yamma teku ce, daga kudu ƙasar Kedah, kan iyakar Tailan kuwa akwai jerin duwatsun farar ƙasa da a ke kira Nakawan. Cikinsu akwai kogon Gua Kelam, wanda masu haƙar kuza suka riƙa ratsawa a da. Akwai kuma wani mangwaro mai ƙanshi, Harumanis, wanda ya sa sunan Perlis ya yi nisa.

Garuruwan da ya kamata mu sani huɗu ne. Kangar ce mazaunin gwamnati. Arau ce garin sarki, nan fada take. Kuala Perlis tana bakin teku, daga nan jiragen ruwa ke ƙetarawa zuwa tsibirin Langkawi. Padang Besar kuwa ita ce ƙofar iyaka, ta nan jirgin ƙasa ke shiga Tailan.

To, ga asalin sarautar. Da fari Perlis yanki ce ta Kedah. Cikin 1821 mayaƙan Siyam, watau Tailan ta yanzu, suka ci Kedah, Sarkin Kedah ya gudu. Da suka yarda ya koma gadonsa cikin 1842, sai suka yanke Perlis daga ƙasarsa domin su rage masa ƙarfi. Cikin 1843 aka naɗa Sayyid Husaini Jamalullail ya zama sarkinta na fari. Shi sharifi ne, kakanninsa Larabawan Hadramaut ne, ubansa mai garin Arau ne, uwarsa kuwa 'yar wani Sarkin Kedah ce. Ashe ba baƙo aka ɗora wa mutane ba. Sarautar tasa Raja a ke ce da ita, ba Sultan ba, har wa yau kuwa haka take.

Daga nan ƙasar ta yi ta sake iyayen giji. Tana kai gaisuwa Bangkok har 1909, sa'ad da Siyam ta yi alkawari da Ingila ta sakar mata Perlis, Turawa suka ajiye mai ba sarki shawara. Jafanawa suka shigo cikin 1941, suka miƙa ta ga Tailan cikin 1943, da yaƙi ya ƙare cikin 1945 ta koma hannun Ingila. Cikin 1957 ta sami mulkin kai tare da sauran ƙasashen Malaya. Duk wannan juyi, sarauta ba ta fita daga gidan Jamalullail ba.

Sa'an nan ga abin mamaki. A Maleshiya sarakuna 9 ne ke zaɓen ɗaya daga cikinsu ya zama sarkin ƙasa duka har shekara 5. Raja Sayyid Putra, wanda ya yi sarautar Perlis daga 1945 zuwa 2000, ya riƙe wannan babban gado daga 1960 zuwa 1965. Ɗansa Sayyid Sirajuddin, wanda ya gaje shi, shi ma ya riƙe daga 2001 zuwa 2006.

Abin da muka gane ke nan: an yanke Perlis domin a raunana wata ƙasa, amma gidan sarauta mai saiwa cikin jama'a ya sa ta tsaya da ƙafarta. Masu ƙarfi sun zo sun wuce, fadar Arau tana nan. Saboda haka in mun tsaya gaban taswira, kada mu auna darajar ƙasa da faɗinta kaɗai.