Kwana Biyu Tsakanin Ganuwa Da Gonakin Inabi

Ga labarin wani ɗan yawo da na kai iyalina, ran Alhamis da Jumma'a, watau ranakun da ake jingine alluna.

Dalilin tafiyar kuwa abin kunya ne. Wata rana ɗana na fari, wanda aka haifa nan Gyallesu, ya tambaye ni wai mene ne ganuwa. Yaron da ya kai izu 20, tsakaninsa da Ƙofar Doka tafiyar ƙafa ce, amma bai san abin da ya kewaye birnin kakanninsa ba! Na ce laifina ne. Na ji Turawan Jamus da Faransa sukan ɗebi 'ya'yansu ran hutu su bi bakin kogi suna kallon gonakin inabi da tsofaffin gidajen sarakuna. To, mu me muka rasa?

Da hantsi ran Alhamis muka ɗauki shatar mota, ni da uwargida da yara huɗu, muka ratsa Tudun Wada muka tsaya Ƙofar Doka. Na sa kowa ya sauka. Ƙofar kam tana nan, an sāke ta da siminti, amma abin da ake kira ganuwa sai ka yi ta nema. Nan tudun jar ƙasa, can an yanke an kafa shago, gaba kaɗan rami ne inda aka haƙi ƙasar gini. Ganuwar nan da kewayenta ya kusa mil 10, wadda ake jingina asalin irinta ga Amina 'yar Bakwa Turunku, da gayya aka tā da ita, da gayya kuma ake yaɓe ta in damina ta wuce. Da Turawa suka ci ƙasar a 1902, yaƙi ya kau, sai gayyar ta mutu. Ruwan sama na cin rabonsa kowace shekara, amma ni a ganina hannun mutane ya fi shi ɓarna. Ina cikin yi wa yara bayani sai ga wani da jakuna uku yana loda ƙasar a mangala, ko kallonmu bai yi ba.

Daga nan muka shiga birni sai Masallacin Jumma'a da ke daura da Fada. Wannan shi ne aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A shekarun 1970 aka lulluɓe shi da sabon gini, har mai wucewa ta waje ba zai san akwai wani abu ciki ba. Amma da ka shiga ka ɗaga kai, sai ka ga ginshiƙai manya da bakan gizo na ƙasa da azara suna riƙe da rufi, ba ƙarfe ko ɗaya. Yara suka yi tsit. Abin da aka sa wa ido ya rayu ke nan, ga shi ƙasar ɗaya ce da ta ganuwa. Bayan la'asar muka fita yamma zuwa gindin Dutsen Kufena, inda aka zauna tun ba a yi birnin yanzu ba. Maza suka hau, mata suka shimfiɗa tabarma, muka ci dambu, muka komo gida.

Ran Jumma'a da sassafe muka haye Kubanni, kogin nan namu da ke gangarawa ya faɗa Galma, muka bi ta Sabon Gari muka yi arewa, ƙasar Hunƙuyi da Kudan. Fadamu duk rake, wani wurin hayaƙin masu dafa mazarƙwaila na tashi. Can sai ga abin da muka zo gani: inabi, a ƙasar Zazzau! An kakkafa turaku an ja waya bisa kamar rumfa, kuringar ta hau ta baje, nonnan 'ya'ya na reto a ƙasa. Mai gonar ya yi mana maraba, ya nuna mana yadda ake datse rassa domin ta yi fure, da yadda ake ban ruwa da rani, da faman da suke yi da tsuntsaye. Aiki ne mai cin jari tun kafin a ga ko kwabo. Can Turai matse shi suke yi su yi giya. Na nan ci ake yi ɗanye.

Ga magana gare ku fatake. Inabin da kuke gani cikin 'yan robobi a manyan kasuwanni, da yawansa daga Masar da Afirka ta Kudu ake kawo shi, alhali ga shi a bayan ɗakinku. Sai dai ba shi da haƙurin mazarƙwaila, wadda takan yi watanni a rumfa. In an tsinke shi yau, ba ɗakin sanyi, to, sai a yi hanzari. Wanda zai shiga cinikin ya fara shirya mota da mai saye tukuna, sa'an nan ya je gona.

Muka yi Jumma'a a Hunƙuyi, muka sayi kwando guda, rabinsa bai iso Gyallesu ba. Da dare yaron nan ya kai wa malaminsu ɗan abin da ya rage, ya kwashe labari duka ya gaya masa. Malam ya aiko mini cewa Alhamis mai zuwa in zo in raka shi, zai kai almajirai Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da ƙafa.