Babi na Bakwai: Ƙaramin Baƙin Rami a Kewayen Babba

Malaman falaki sun tabbatar cewa idan baƙaƙen ramuka biyu suka kama kewaya juna, wato waɗannan halittu da ƙarfin jansu ya kai matuƙar da ko haske ba ya kuɓuta daga gare su, to suna girgiza shimfiɗar sarari da zamani, suna aika igiyoyin nauyi waɗanda Einstein ya yi hisabinsu tun 1916, amma ba a ji su ba sai ranar 14 ga Satumba 2015. Mafi yawan waɗanda aka fara ji tagwaye ne kusan sa'o'in juna. Mas'alar da ta fi ban sha'awa a wurina kuwa ita ce ta waɗanda mizaninsu ya karkata.

A ranar 12 ga Afrilu 2019 na'urorin LIGO na Amurka da Virgo ta Italiya suka ji haɗuwar wani mai nauyin rana wajen 30 da wani mai wajen 8, kuma saboda wannan fifiko sai igiyar ta zo da ƙarin amo bisa asalin sautinta, kamar yadda tsirkiyar goge kan fitar da wata siririyar murya a kan babbar, amon da daidaiton tagwaye yakan danne shi. Bayan wata huɗu, ranar 14 ga Agusta, aka ji mai nauyin rana 23 ya haɗiye mai 2.6, wanda har yau akwai saɓani tsakanin malamai game da hakikaninsa: ko ƙaramin baƙin rami ne, ko gawar tauraro ce mai matuƙar nauyi.

Amma inda al'amarin ya kai gaya shi ne tsakiyar tarin taurari irin namu, inda baƙin rami mai nauyin rana miliyan 4 yake zaune. Domin idan ƙarami ya faɗa cikin ikon irin wannan, ba ya afkawa nan take, sai ya yi ta kewaye dubun dubatai yana matsowa sannu a hankali, kowane zagaye yana rubuta siffar sararin da babban ya lanƙwasa, tamkar alƙalami a kan allo, har a iya gwada ko ta dace da lissafin da Roy Kerr ya fitar a 1963. Igiyoyin nan sun yi nawar da na'urorin ƙasa ba sa jin su, shi ya sa Turai ke shirin harba LISA, kumbuna uku masu tazarar kilomita miliyan 2.5 tsakaninsu, wajen shekarar 2035.