Idan Mota Ta Daina Ja a Tsakiyar Hanya

Direbobin da ke bin hanyar Akwanga zuwa Jos sun san Hawan Kibo: nan ne asirin mota ke tonuwa. Motar da ke gudu lafiya lau a cikin gari, da ta kama hawan sai ta fara nishi, a taka totur har ƙasa amma allura sai baya take yi. Wani abu daga cikin wannan ba laifin kowa ba ne. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da ya hau, don iskar can sama ba ta kai ta ƙasa kauri ba. Amma idan mota ta shaƙe, ko ta riƙa fizga, ko ta mutu sai an bar ta ta huce, to ciwo ne, kuma yadda ya zo shi ke nuna inda yake.

Abin takaici, a yawancin garejinmu ba a tambayar yadda ya zo. Kana cewa "ba ta ja", sai ka ji: "Oga, fulogi ne." A canza fulogi, gobe kwayil, jibi a wanke nozul. Mai mota ya yi ta sayen kaya, ciwo na nan zaune daram. Bakanike na gari kafin ya taɓa sifana sai ya yi tambaya: da sanyin safiya take yi ko sai ta ɗauki zafi? A hawa ne kawai, ko har a miƙaƙƙiyar hanya? Mai nawa ne a tanki lokacin?

Tambayar farko ma ita ce ko injin ne. Idan ka taka totur ƙara ta tashi, allurar juyin inji ta haura, amma mota ba ta ƙara sauri ba, injin ya yi nasa. Kuloci ne ya cinye, ko giya ce ke zamewa.

Idan kuwa injin ne, a duba matatar iska, domin ita ce mafi arha. Ana ƙona fetur ne da iskar da ta ninka shi nauyi sau 14.7, kuma ƙurar hunturu guda ta isa ta toshe matata. A ciro ta a ɗaga ta saitin rana. In haske bai ratsa ba, ta gama aiki.

Famfon mai ya fi buƙatar a tsaya a kansa. A motocin zamani yana cikin tanki ne, a nutse, kuma fetur ɗin da ke kewaye da shi da wanda ke ratsa shi su ke sanyaya shi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, da yawanmu sun koma shan lita biyar-biyar, fitilar mai kullum a kunne. Famfon da ke aiki a haka yakan yi zafi ya gaji da wuri. Alamarsa ba ta ɓuya: mota ta tashi lafiya da safe, bayan tafiya mai ɗan nisa ta fara yankewa, musamman a hawa ko wajen wuce wata mota, a tsaya a gefen titi ta huce, ta sake tashi kamar ba ita ba. Wani lokaci ana jin kukansa daga ƙarƙashin kujerar baya. Duk da haka kada a canza shi da ka. Akwai agogon auna ƙarfin turin mai, kuma yawancin motoci masu nozul na neman tsakanin 3 zuwa 4 a ma'aunin "bar". Sau da yawa famfon lafiyarsa ƙalau, ragar bakinsa ce ta cika da dattin man 'yan bumburutu. Gidan mai ma ba a rantse masa: a farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, ya lalata injina da dama.

Sai abin da bakanikai ke kira indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Idan ta toshe, mota tana tashi, tana tsayuwa shiru, amma ba ta iya gudu, domin hayaƙi ya rasa hanyar fita. Gwajinta da sauƙi: a kwance sansar iskar oksijin da ke gabanta na ɗan lokaci, idan ƙarfi ya dawo, ita ce. Maganin da aka saba shi ne a farfashe ta a zazzage. Ni dai ban yarda da wannan ba. Indomi ba ta cika toshewa haka kawai ba. Ɗanyen fetur ne daga fulogin da ba ya ba da wuta ke narkar da ita, ko baƙin man da inji ke sha. An cire ta, asalin ciwon na nan, ga hayaƙi mai guba an sakar wa jama'a. Kuma mai mota ya sani cewa garin da aka zazzage ɗin yana ɗauke da filatinam da faladiyam da rodiyam, akwai masu sayensa da tsada, don haka ba kowace shawarar cirewa ce ta tsakani da Allah ba.

Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike. Idan fitilar inji tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, a sauka daga hanya, wuta ce ke yankewa kuma indomi na ƙonewa. Sai dai na'urar alama take faɗa, ba ta kama mai laifi. Lambar P0300 tana cewa wuta na yankewa, ba ta ce fulogi ba. P0171 tana cewa iska ta fi mai yawa, sai ka ga an ruga an sayo sabuwar sansa, alhali wata 'yar robar iska ce ta tsage a bayan inji, ko kuma famfon nan ne dai ya gaji.