Ruwan Alwala da Ruwan Sha: Darasi Daga Kwarin Rima

Daga Argungu, inda kogin Matan Fada ke karɓar bikin kamun kifi tun 1934, zuwa Birnin Kebbi, inda matatar Dukku ke ɗebo ruwan gari, rayuwarmu a jingine take da ruwan fadamar Rima. Da shi muke noman shinkafa, da shi muke girki da tsarki.

A makarantun zaure mun koya daga littattafan Malikiyya cewa ruwa mai tsarkakewa shi ne wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai jirkita da wani baƙon abu ba. Idan laka ko ƙasar mazauninsa ce ta sauya shi, alwala da shi ta inganta. Sai dai hukuncin ibada daban, lafiyar ciki daban. Ruwa kan yi garau alhali yana ɗauke da ƙwayoyin kwalara da taifot, waɗanda ido ba ya gani. Ɓarkewar kwalara ta 2021, wadda ta shafi Jihar Kebbi, ta ishe mu wa'azi.

Masana kimiyya sun bayyana cewa ruwa haɗin haidirojin ne da oksijin, kuma ɗabi'arsa ce narkar da yawancin abin da ya ratsa. Shi ya sa a lokacin ambaliya yakan kwaso takin zamani daga gonaki da ƙazantar masai zuwa rijiyoyi.

Kowane mataki na tacewa da aikinsa. Alif, ko dakakken ƙwallon zogale, yana sa ƙananan ɓurɓushin laka su dunƙule su kwanta a gindin randa, amma ba ya gamawa da ƙwayoyin cuta. Wannan aikin kulorin ne, wanda ke bukatar kimanin minti 30 kafin a sha, ko tafasawa sosai na aƙalla minti 1. Tafasawa kuwa ba ta fitar da sinadarin taki, don haka a nisanta rijiya daga gona, a kuma bar tazarar mita 30 tsakaninta da masai.

Saura ajiya. Mu rufe randa, mu ware mata moɗa guda mai mariƙi, mu hana yara tsoma hannu. Kiyaye rai na cikin manyan manufofin shari'a, kuma a gidajenmu daga bakin randa yake farawa. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.